Tarihin buɗewa da rufe fayil a jadawalin lissafi na kwamfuta

A yau za mu waiwayi tarihin wani ɗan aiki ne da akawu da malamin makaranta da mai tsaron shago ke yi sau da yawa a rana ba tare da sun ko lura ba, wato buɗe fayil a manhajar jadawalin lissafi irin su Excel, da rufe shi, da kuma tsallakawa daga wannan fayil zuwa wancan. Abin kamar wasa. Amma sai da aka ɗauki kusan shekaru 15 kafin ya zama da sauƙi haka, kuma har gobe a wannan tsakanin, wato lokacin da alƙaluma ke barin wani fayil zuwa wani, ake tafka wasu kurakurai masu tsadar gaske. Sai a gyara zama.

Ga wanda bai saba ba, jadawalin lissafi shafi ne da aka tsaga gida-gida, layuka a kwance da layuka a tsaye, kamar dai babban littafin da 'yan kasuwa ke rubuta shige da ficen kuɗi. Bambancinsa da littafin takarda shi ne, in ka sauya lamba a gida ɗaya, duk sauran gidajen da lissafinsu ya dogara a kanta sai su gyara kansu nan take.

Wani ɗalibi mai suna Dan Bricklin ne ya zo da wannan tunani a shekara ta 1978, lokacin yana karatu a makarantar koyon kasuwanci ta jami'ar Harvard a Amurka. Abokinsa Bob Frankston shi ya rubuta mafi yawan manhajar, akasari da daddare, a wani ɗakin sama da ke garin Arlington na jihar Massachusetts. A shekara ta 1979 suka fitar da ita da sunan VisiCalc, domin kwamfutar Apple II, a kan kuɗi kimanin dala 100. Shafin nata na da layuka 63 a tsaye da 254 a kwance. Ta samu karɓuwa ƙwarai da gaske, har ta kai mutane na sayen kwamfutar ta kusan dala dubu biyu domin kawai su samu yin aiki da manhajar dala 100.

To amma shafi ɗaya tak take iya riƙewa a lokaci guda. Kuma domin a gane inda gizo ke saƙar, sai an rarrabe tsakanin abubuwa biyu a cikin kwamfuta. Akwai faifai, inda fayil ke zaune ko da an kashe na'urar, shi kamar kabad ne. Akwai kuma ƙwaƙwalwar aiki, wadda take kamar tebur, duk abin da za a yi aiki a kansa sai an ɗauko shi an shimfiɗa a nan, da zarar kuma wuta ta ɗauke to an share teburin ke nan. Buɗe fayil ba komai ba ne illa kwafo shi daga kabad zuwa tebur, adanawa kuma mayar da shi. Teburin Apple II na wancan lokaci bai wuce kilobait 48 ba, wato wurin haruffan da ba su kai dubu 50 ba, kuma ita kanta manhajar ta cinye wani kaso mai tsoka daga ciki. Hoto ɗaya da za ka ɗauka da wayar salula a yau ya ninka wannan sau da dama. Ina wurin shafi na biyu?

Yadda VisiCalc ke buɗe fayil ma abin a tsaya a duba ne. Fayil ɗinta jerin umarni ne kawai, je ka gida kaza ka rubuta kaza, je ka gida kaza ka rubuta kaza. In ka ce ta buɗe, sai ta bi umarnin ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a kan shafin da ke gabanka, ba tare da ta share abin da ta tarar ba. Alal misali, in lissafin watan Janairu na kan allo, ka buɗe na Fabrairu ba ka fara sharewa ba, to duk gidan da Fabrairu bai taɓa ba, lambar Janairu na nan zaune abinta, kuma za ta shiga cikin jimilla. Masu wayo sun mayar da wannan wata dabara ta haɗe shafuka biyu. Marasa sani kuwa sun sha ɗaukar lissafin da aka cuɗanya zuwa gaban shugabanninsu. Rufe fayil kuwa babu shi ma a tsarin, sai dai ka ba da umarnin share shafin baki ɗaya, ta tambaye ka ko ka tabbata, ka amsa. Gaskiya ne ana iya raba allon gida biyu, amma duka ɓangarorin shafi ɗaya suke nunawa, kamar mutum ne ke leƙen ɗaki guda ta tagogi biyu.

A watan Janairun shekara ta 1983 sai ga Lotus 1-2-3, wadda Mitch Kapor da Jonathan Sachs suka ƙirƙiro domin kwamfutar IBM. Ta fi VisiCalc sauri da girma nesa ba kusa ba, layuka 256 a tsaye da 2,048 a kwance, kuma a shekarar farko kaɗai kamfanin ya yi cinikin dala miliyan 53. Ba a daɗe ba ta binne VisiCalc. Sai dai ita ma fayil ɗaya take ɗauka a lokaci guda, kuma ta warware matsalar cuɗanyar nan ce ta hanya mai zafi. Da ka ba da umarnin ɗauko wani fayil, sai ta share wanda ke kan allo ta ɗora sabon. A nau'o'inta na farko ba ta ko tambayarka ko ka adana. Aikin sa'o'i uku na iya salwanta saboda kawai ka so ka leƙa wata lamba a fayil ɗin bara. Duk wanda ya taɓa aiki da kwamfuta a inda ake ɗauke wuta ba sallama ya san irin wannan takaici, to su mutanen wancan zamani da hannunsu suke jawo wa kansu.

Wannan ƙunci ya haifar da wasu ɗabi'u da har yanzu ake ganin burbushinsu a ofisoshi. Tun da tsallakawa zuwa wani fayil na da wahala da haɗari, sai akawu ya zuba komai a shafi guda, albashi a kusurwar sama ta hagu, haraji can ƙasa ta dama, kayan sito can gaba kuma ƙasa, a jere kamar matattakala, domin in ya ƙara layi a wani sashe kada ya tsaga wani. Ga kuma batun suna. Tsarin DOS bai yarda sunan fayil ya wuce haruffa takwas ba, saboda haka sai ka ga KASAFI83 da KASAFI84 da ALBASHI1, bayan wata shida mai su ma ba ya tuna wanne ne wanne. In kuma ana son tara lissafin rassa da dama wuri ɗaya, akwai umarnin da ke ɗauko alƙaluman wani fayil ya ƙara su a kan na gabanka. Yana aiki lafiya lau, amma in ka manta ka ba da shi sau biyu, to cinikin wannan reshe ya ninku ke nan, kuma babu wata alama da za ta nuna maka.

Kamfanin Microsoft ya bi ta wata hanyar dabam. Manhajarsa ta Multiplan ta shekara ta 1982 ba ta yi wani tasiri ba a kasuwar Amurka, ko da yake tana iya jawo lambobi daga wani shafi da ke kan faifai. A shekara ta 1985 ne ya fitar da Excel, kuma abin mamaki, domin kwamfutar Macintosh ta kamfanin Apple aka fara yin ta, sai a 1987 ta iso Windows. A nan ne talaka mai aikin ofis ya fara ganin fayiloli biyu ko uku a buɗe gaba ɗaya, kowanne da tagarsa, ya danna wannan ya danna wancan, har ma gida a wannan fayil ya riƙa karɓar lamba daga gida a wancan. Kamfanin Lotus bai kawo amsarsa ba sai a shekara ta 1989, bayan jinkiri mai tsawo, da nau'i na uku wanda ke ɗaukar fayiloli da yawa da kuma shafuka har 256. Amma yana buƙatar kwamfuta mai ƙarfin da yawancin masu amfani da Lotus ba su da ita a lokacin.

Abin da ya rage shi ne hanyar da ido zai gane ba tare da an haddace umarni ba. Wannan kuma kamfanin Borland ne ya yaɗa shi a shekara ta 1992 da manhajarsa ta Quattro Pro ta Windows. Ya mayar da fayil kamar littafi, kowane shafi da ɗan kunnensa a ƙasan allo, a rubuce da suna, Janairu, Fabrairu, Maris, ka taɓa kunnen shafi ya buɗe. Bayan shekara guda, wato 1993, Excel ta biyar ta zo da irin wannan tsari, kowane sabon fayil da shafuka 16 a cikinsa. Daga VisiCalc zuwa nan shekaru 14 ke nan. Kuma kada a raina 'yan kunnuwan nan, domin a shekara ta 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara a Amurka, a wata shari'a da aka yi da kamfanin Google, ta yanke cewa dabara ce da ta cancanci a yi mata rajistar ƙirƙira.

Ba wannan ne karon farko da lamarin ya je gaban alƙali ba. A shekara ta 1990 Lotus ya kai Borland ƙara saboda ya kwaikwayi jerin umarninsa, umarni 469 da suka haɗa da na ɗauko fayil da na adanawa, domin waɗanda hannunsu ya saba da Lotus su sauya sheƙa ba tare da wahala ba. Kotun farko ta ba Lotus gaskiya, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a 1995 tana mai cewa jerin umarni hanya ce ta sarrafa na'ura, ba rubutun da wani zai mallaka ba. A watan Janairun 1996 alƙalan kotun ƙolin Amurka suka rabu huɗu da huɗu, saboda haka hukuncin da ya wanke Borland ya tsaya. A ganina masu amfani da kwamfuta ne suka ci ribar wannan shari'a, domin da ta juya, da kowane kamfani sai ya ƙirƙiro nasa salon buɗewa da rufewa, mu kuma mu yi ta koyo daga farko.

To, yanzu an samu fayiloli da yawa a buɗe. Sai dai har zuwa nau'in 2010, duk fayilolin Excel a cikin uwar taga ɗaya suke zaune, wanda ke da allo biyu a teburinsa sai ya sha fama kafin ya ajiye wannan fayil a dama wancan a hagu. Nau'in 2013 ne ya ba kowane fayil tagarsa mai zaman kanta. Amma a ƙarƙashi manhaja ɗaya ce ke riƙe da su duka, kuma wannan na da sakamakon da mutane da yawa ba su sani ba.

Na farko, Excel ba ta yarda ka buɗe fayiloli biyu masu suna iri ɗaya a tare, ko da kuwa a wurare dabam-dabam aka adana su, saboda da suna ne gida a wani fayil ke kiran gida a wani, in suna ya zo ɗaya ba ta san wanda ake nufi ba. Sannan umarnin nan na janye abin da aka yi, wato maɓallan Ctrl da Z, jeri guda yake bi ga dukkan fayilolin da ke buɗe, kana iya dannawa a nan ya warware maka aikin da ka yi a can. Wanda ya fi waɗannan haɗari shi ne batun sabunta lissafi. Ana iya umartar Excel ta daina sabunta lissafi da kanta sai an ce ta yi, masu manyan fayiloli kan yi haka domin kada kwamfuta ta yi nauyi. To, fayil ɗin da ka fara buɗewa shi ke yanke wa sauran hukunci. In abokin aikinka ya aiko maka da irin wannan fayil, ka buɗe shi da safe, sannan ka buɗe naka, sai ka yi ta sauya lambobi jimilla na tsaye cik, kai kuwa kana zaton daidai take. Tambayar nan kuma da takan yi maka wajen rufewa, ko za ka adana sauye-sauye alhali ba ka taɓa komai ba, sau da yawa dalilinta shi ne akwai wani gida da ke ɗauke da kwanan wata ko agogo, wanda ya sabunta kansa tun da ka buɗe. Ga masu son sauri, Ctrl da O na buɗewa, Ctrl da W na rufe fayil ya bar manhajar, Ctrl da Tab kuma na zagayawa da kai tsakanin waɗanda ke buɗe.

Shi kansa buɗewar ma ba kallo ba ne kawai, manhajar kan taɓa abin da ta buɗe. A shekara ta 1996 aka gano Laroux, ƙwayar cutar kwamfuta ta farko da ta addabi Excel. Tana ɓoye ne a cikin 'yan umarnin da ake liƙa wa fayil domin sauƙaƙa aiki, da ka buɗe fayil mai ɗauke da ita sai ta samu wurin zama a inda manhajar ke tashi, daga nan duk fayil ɗin da ka buɗe ya kamu. Irin wannan ne ya sa daga nau'in 2010 ake buɗe fayil ɗin da ya zo ta intanet a killace, ka gani amma ba ka gyara ba sai ka amince, a 2022 kuma Microsoft ya toshe irin waɗannan umarni a fayilolin da aka sauko da su daga intanet, sai in mutum ne ya buɗe musu hanya da kansa.

Ko babu cuta ma, manhajar na da karambanin fassara abin da ta gani. Ka buɗe jerin lambobin waya da aka aiko maka a fayil na rubutu zalla, sai ka tarar sifirin farko ya ɓace daga kowace lamba, domin ita a wurinta adadi ne, kuma adadi ba ya farawa da sifiri. Lambar da ta wuce alƙaluma 15 kuwa, na ƙarshen sai su koma sifiri. In ka adana a haka, an wuce wurin. Masana kimiyyar ƙwayoyin gado sun ɗanɗana kuɗarsu a nan. Akwai ƙwayoyin gado masu suna irin su SEPT2 da MARCH1, Excel na ganinsu sai ta ɗauka ana nufin 2 ga Satumba da 1 ga Maris, ta mayar da su kwanan wata. Wani bincike da masana a Ostareliya suka wallafa a shekara ta 2016 ya gano irin wannan kuskure a kusan kashi ɗaya cikin biyar na rahotannin kimiyya masu ɗauke da jerin ƙwayoyin gado a fayil ɗin Excel da suka duba. A ƙarshe dai dutse bai je wurin mutum ba, mutum ne ya je wurin dutse, domin zuwa shekara ta 2020 kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen 27 daga cikinsu, MARCH1 ta koma MARCHF1. Sai a 2023 Microsoft ya samar da hanyar kashe wannan karambani.

Babbar asara kuwa ta fi aukuwa ne wajen kwashe alƙaluma daga fayil zuwa fayil. A shekara ta 2012 bankin JPMorgan na Amurka ya tafka asarar sama da dala miliyan dubu shida ta hannun ofishinsa na birnin Landan. Rahoton binciken da bankin da kansa ya fitar a watan Janairun 2013 ya nuna cewa ma'aunin da ake auna haɗarin cinikin da shi yana gudana ne a kan jerin shafukan Excel, waɗanda ake cikawa da hannu, a kwafo daga wannan a liƙa a wancan, kuma a wani wuri an raba da jimillar lambobi biyu maimakon matsakaicinsu, abin da ya sa haɗarin ya fito ƙasa da yadda yake. Ba jadawalin ne ya yi cacar ba, mutane ne, amma ƙararrawar da ya kamata ta farkar da su ba ta yi ƙarar da ta dace ba.

Na Ingila ya fi tayar da hankali, domin shi lafiyar mutane ya shafa. A lokacin annobar korona, ɗakunan gwaji na aiko da sakamakonsu a fayiloli na rubutu zalla, hukumar kula da lafiyar jama'a ta Ingila kuma tana zuba su cikin fayilolin Excel. Sai dai tsohon samfurin fayil aka yi amfani da shi, wanda iyakarsa layuka 65,536, alhali tun shekara ta 2007 akwai sabon da ke ɗaukar layuka 1,048,576. Da fayil ya cika, abin da ya biyo baya sai ya zube ba tare da an lura ba. Tsakanin 25 ga Satumba da 2 ga Oktoban 2020, mutane 15,841 da gwaji ya tabbatar sun kamu ba su shiga ƙididdigar kullum ba. Su dai sun samu sakamakonsu, amma an yi jinkirin kwanaki wajen neman waɗanda suka yi cuɗanya da su.

A ɗaya ɓangaren kuma, tun shekara ta 2006 da kamfanin Google ya fito da jadawalinsa na intanet, ma'anar buɗewa da rufewa ta fara sauyawa. Fayil ɗin ba ya kan faifanka, yana can a manyan kwamfutocin kamfanin, yana adana kansa yayin da kake rubutu, kuma ɗan kasuwa a Jidda da ƙaninsa a Kumasi na iya shiga shafi ɗaya a lokaci guda kowa na ganin abin da ɗan'uwansa ke rubutawa. A da kuwa, in wani ya riga ka buɗe fayil a ofis, sai dai a ce maka a kulle yake, ka jira ya rufe, ko da ya tafi cin abinci ya bar shi a buɗe. Sharaɗin sabon tsarin dai shi ne intanet mai ƙarfi, wanda ba ko'ina ake samunsa ba.

Ita kuwa Lotus 1-2-3, kamfanin IBM ya saye kamfanin da ke yin ta a shekara ta 1995 a kan dala miliyan dubu uku da ɗari biyar, ya daina sayar da ita a 2013, ya kuma janye tallafinsa a 2014. Amma ta bar gado a gidan wadda ta kayar da ita. Lotus ta ɗauka cewa watan Fabrairun shekara ta 1900 na da kwanaki 29, alhali 28 ne, Microsoft kuma ya kwafi kuskuren da gangan domin fayilolin Lotus su buɗe a Excel ba tare da kwanakin sun goce ba, kuma har yau kuskuren na nan. Tsofaffin nau'o'in Excel na Macintosh su kuma daga shekara ta 1904 suke fara ƙirga kwanaki, saboda haka in ka kwafo kwanan wata daga irin wannan tsohon fayil zuwa wanda ke ƙirgawa daga 1900, yana iya gocewa da kwanaki 1,462, wato shekaru huɗu da kwana ɗaya.